Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tsara dashen bishiyoyi da hukumomin da ke ba da izinin shigo da tsirrai

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Wannan wasiƙa taku ce ku duka, da masu zama a ofis suna tsara a dasa bishiya miliyan kaza kafin shekara kaza, da ƙungiyoyin da ke zuba kuɗin, da jami'an da ke tashar jirgin ruwa da filin jirgin sama suna buga hatimi a takardar duk tsiron da zai shigo. Ba faɗa na zo yi ba, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Abu ɗaya ne ya tsaya min a rai. Duk sanda za ku shigo da baƙuwar bishiya, abin da ke sama kuke dubawa, saurin girmanta, ko tana jure fari, ko akwai ƙwaro ko cuta a ganyenta, amma abin da ke maƙale a saiwarta da wuya a ji wani ya tambaya, alhali a wurare da yawa shi ne ya ba bishiyar ƙarfin da ta gagari kowa daga baya.

Don Allah wani daga cikinku ya shiga wurin renon bishiyoyi ya ɗauki leda ɗaya ta dashen bagaruwa ko wata bishiya irinta daga dangin wake, ya yage ledar, ya wanke saiwar da ruwa a hankali kar ta tsinke. Zai ga wasu 'yan ƙullutai a jikin ƙananan saiwoyin, wasu kamar kan ashana, wasu sun ɗan yi tsawo suna da rassa. Ya sa reza ya tsaga ɗaya. In cikin ya yi ja-ja to aiki ake yi a ciki, in fari ne ko ya koma kore-kore, ko dai bai fara ba ko ya gama. Wannan ƙullutun ɗaki ne da bishiyar ta gina wa bakteriya da kanta. Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, wato sinadarin takin da tsiro ke buƙata, amma tsiro ba ya iya taɓa ta a haka, sai waɗannan bakteriya da ake kira rhizobia su kama ta su mayar da ita amoniya su miƙa wa bishiyar, ita kuma ta biya su da sukarin da ganyenta ya haɗa. Jan da kuka gani wani sinadari ne ɗan uwan wanda ke sa jininmu ja, aikinsa ya riƙe iskar oksijin don in ta yi yawa tana lalata abin da bakteriyar ke aiki da shi. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne tsantsa, kuma ba da kowa ake yi ba, sai saiwar ta saki wani sinadari bakteriyar ta amsa da nata, in amsar ta dace sannan gashin saiwar ya lanƙwashe ya bar ta ta shiga.

Ba sabon ilimi ba ne fa. Tun wajen 1886 zuwa 1888 Hellriegel da Wilfarth a Jamus suka nuna cewa ƙullutan nan ne ke ciyar da dangin wake, a 1888 Beijerinck ya ware bakteriyar a ɗakin gwaji, zuwa 1896 har an fara sayar da ita da sunan Nitragin. Kenan sama da shekara 100 ana yawo da su daga wannan nahiya zuwa waccan, a kwalba, a fakiti, ko kuma a cikin ƙasar da ke manne da saiwar dashe ba tare da kowa ya rubuta ba.

To ga inda matsalar take. Bishiyar da ke da masana'antar takinta a ƙarƙashinta ba ruwanta da ko ƙasa ta mutu, tana iya tsayuwa a kan yashi tsantsa, kuma wannan ne dalilin da ya sa kuke sonta, na gane. Amma akwai wuraren da tsirran asali suka shekara dubbai suna rayuwa a ƙasa mara taki har suka ƙware a haka, talaucin ƙasar ne katangarsu. Ranar da aka kawo bishiyar da ke zuba naitirojin ba dare ba rana, katangar ta faɗi.

Ku dubi Hawai. Wata bishiya mai suna Morella faya, asalinta daga tsibiran Azores da Madeira da Canary, mutanen Fotugal da suka yi ƙaura can a ƙarshen ƙarni na 19 ne suka kai ta, daga baya ma har masu aikin gandun daji suka dasa ta da hannunsu. Ita ba dangin wake ba ce, nata abokin hulɗar wata bakteriya ce daban mai suna Frankia, amma aikin ɗaya ne. Ta shiga sabuwar ƙasar da dutse mai aman wuta ya zubar, inda bishiyar asali ta wurin wato ohia ke girma a hankali cikin ƙarancin taki. A 1987 Peter Vitousek da abokan aikinsa suka auna suka ga naitirojin da ke shiga ƙasar a inda bishiyar ta yi yawa ya ninka kusan sau 4. Abin ya wuce a ce bishiya ɗaya ta ture ɗaya, ƙasar ce kanta aka canja ta zama wata iri, duk wani baƙon tsiro mai son taki ya samu ƙofa. Ƙari a kan haka wani ɗan tsuntsu da shi ma shigo da shi aka yi daga Japan ne ke cin 'ya'yanta yana watsa irin.

Amma wanda ya fi ci min rai shi ne labarin akeshiyar Ostireliya, bishiya 'yar dangin wake, don a nan ne aka kama abin hannu da hannu. An kai Acacia longifolia gaɓar tekun Fotugal don ta riƙe tuddan yashi, niyya mai kyau, yau ta cinye tuddan. Susana Rodríguez-Echeverría ta jami'ar Coimbra ta tono saiwoyinta ta duba ƙwayoyin gadon bakteriyar da ke cikin ƙullutan, wato Bradyrhizobium, sai ta tarar ƙwayoyin gadon da ke kula da haɗa ƙullutu da kama naitirojin irin na Ostireliya ne, ba na Turai ba. Ashe bishiyar ba ita kaɗai ta zo ba. Kun duba fasfo ɗin baƙo, ɗan rakiyarsa ya bi ta bayansa ya shige ba wanda ya ce masa kanzil. Abin bai tsaya nan ba, a wuraren da akeshiyar ta daɗe sai aka samu irin waɗannan baƙin bakteriya a cikin saiwoyin tsirran asali 'yan dangin wake da ke maƙwabtaka da ita, kuma da aka gwada a tukunya, tsirran asalin ba su samu amfani da su kamar yadda suke samu da nasu na gida ba, ita kuwa akeshiyar sai hamdala. Ku lura da kyau: tsiron asali ya gina ɗaki, ya biya sukari, amma takin da ake ba shi bai kai ba.

A Afirka ta Kudu ma haka. Tun ƙarni na 19 aka kai Acacia saligna da Acacia cyclops yankin Cape don riƙe yashi, aka kai Acacia mearnsii saboda ɓawonta da ake jimar fata da shi. Suka shiga fynbos, wannan jeji na gajerun tsirrai da ke kan ƙasa mara taki wanda yawancin tsirransa babu su a ko'ina a duniya sai nan. Masu bincike a jami'ar Stellenbosch ta ƙasar sun samu Bradyrhizobium masu asali daga Ostireliya a saiwar wasu daga cikin waɗannan akeshiyoyi, misali Acacia pycnantha. Wanda ya taɓa ganin hoton kurmin saligna ya san yadda yake, daga nesa furanni rawaya shar gwanin sha'awa, ka matsa kusa ƙarƙashin ba komai sai tarin busasshen ganye da kwasfa, iri kuwa dubun-dubata a kowace murabba'in mita yana kwance a ƙasa shekaru da shekaru yana jiran gobara, wuta na wucewa ruwa na sauka sai ka ga toho ya rufe wurin ba masaka tsinke. Gwamnatin ƙasar ta buɗe shirin Working for Water a 1995, an ɗauki dubban mutane aikin sara, an kuma saki wata cutar tsatsa daga Ostireliya a 1987 don ta raunana saligna ɗin, duk da haka har gobe ana fama.

Ga kuma abin da na ga kamar kasafin kuɗinku ba ya lissafawa kwata-kwata. In an sare bishiyar, an ƙona kututturen, an ɗauki hoto an sa a rahoto cewa an gama, ƙasar ba ta gama ba. Bincike a yankin Cape ya nuna alamun takin da saligna ta tara na nan har kusan shekara 10 bayan an sare ta, sai ciyayi masu son taki su rigayi tsirran asali su mamaye filin, an kori baƙo ɗaya wani ya gaje shi. Ita kuwa bakteriyar da me za a sare ta? Zarto ba ya kama ta, ba wanda zai tankaɗe ƙasar hekta dubu.

Akwai wani abu ma da ya fi wannan wuyar sha'ani. Ƙwayoyin gadon da ke sa bakteriya ta iya wannan aiki sau da yawa a dunƙule suke wuri ɗaya, kuma dunƙulen na iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. A Niyu Zilan an shuka wata ciyawar dabbobi mai suna Lotus a wani fili da babu bakteriyar da ke iya hulɗa da ita, aka sa mata nau'i ɗaya tak na Mesorhizobium, bayan shekara 7 aka dawo aka tarar da nau'o'i daban-daban a ƙullutanta, bakteriyar wurin ne suka karɓi dunƙulen daga baƙuwar. A yammacin Ostireliya an ga irin haka da wata ciyawar mai suna Biserrula bayan shekara 6, har wasu daga cikin sababbin na iya shiga saiwa amma ba sa kama naitirojin yadda ya kamata. Eh na sani waɗannan ciyayi ne ba bishiyoyi ba, amma bakteriyar dangi ɗaya ne, kuma abin da yake nunawa shi ne ko da nau'in da kuka shigo da shi ya mutu, abin da ya zo da shi na iya zama a jikin 'yan gida.

Yanzu bari in faɗi abin da wani masani a cikinku zai faɗa min tun kafin ya faɗa. Ba kowace bishiya mai mamaya ce ta zo da abokinta ba, gaskiya ne. Wasu ba su da zaɓe, duk bakteriyar da suka tarar za su rungume ta. A Afirka ta Kudun ma an kwatanta akeshiyoyin da suka bazu da waɗanda suka tsaya wuri ɗaya, aka ga kusan bakteriya iri ɗaya suke amfani da su, kenan bakteriya kaɗai ba ta isa ta bayyana komai ba, akwai yawan irin da aka shuka, akwai gobara, akwai rashin ƙwarin da ke cin bishiyar a ƙasarta ta asali. Na yarda da duk wannan. Sai dai a 2017 wasu masu bincike a Ostireliya sun duba nau'o'in dangin wake sama da 3,500 suka ga waɗanda ke dogaro da bakteriya ba su kai waɗanda ba sa dogaro da ita yaɗuwa a baƙin ƙasashe ba, ma'ana rashin abokin hulɗa birki ne da Allah ya sa. To ku da kuke shigo da bishiyar sannan ku haɗa mata da fakitin bakteriyar da aka zaɓo musamman don ta fi dacewa da ita, me kuka yi wa birkin?

Kuma ba bakteriya kaɗai ke yin haka ba. Bishiyoyin fayin (pine) sai da fangas a saiwarsu, dangin laimar kwaɗi. A tsibirin Isla Victoria na Ajantina an dasa su tun shekarun 1920 amma sun daɗe ba su yi nisa da gonakinsu ba don babu fangas ɗin a can gaba, sai aka gano barewa da aladun daji, su ma baƙi ne, na cin laimar kwaɗin suna kai ta nesa a cikin kashinsu.

Kar a ɗauka ina cewa a hana fakitin bakteriya. Haba. Barazil da shi take noman waken suya ba tare da zuba takin naitirojin na zamani mai yawa ba, alheri ne babba. Ko a bishiyoyin ma abin ya danganta da wuri. Bishiyar Casuarina da Frankia ɗinta ta riƙe yashin gaɓar teku tsakanin Dakar da Saint-Louis a Senegal shekaru da dama ta kare gonaki, ita ɗin ce dai a Fulorida ta Amurka ta zama annoba har doka ta hana dasa ta. Bagaruwa da kowa ya san amfaninta, da aka kai wani nau'inta daga yankin Indiya zuwa Queensland don inuwa da abincin dabbobi, ta cinye miliyoyin hekta na makiyaya, yau tana cikin jerin manyan ciyayin da Ostireliya ke yaƙa. Babu bishiyar da aka halitta muguwa, mu ne ke ɗauke ta daga inda akwai masu taka mata birki mu kai ta inda babu.

Mutanen da ke biyan kuɗin kuskuren kuma ba su ne suka sa hannu a takarda ba. Bishiyar Prosopis juliflora daga nahiyar Amurka, ita ma 'yar dangin wake, an yaɗa ta a Baringo ta Kenya a shekarun 1980 don itacen girki da farfaɗo da ƙasa, mutane suka sa mata suna mathenge. Ta toshe hanyoyin ruwa da makiyaya, ƙayarta na huda ƙafa da taya, zaƙin kwasfarta na ruɓar da haƙoran awaki, har a 2006 mutanen ƙabilar Ilchamus da ke yankin suka kai ƙara suka shigo da akuya mara haƙora kotu a matsayin shaida. A yankin Afar na Habasha ta rufe sama da hekta miliyan 1. Lokacin da ake rabon dashen nan tafi aka yi.

Shi ya sa manyan alƙaluman yanzu ke ba ni tsoro. Shirin duniya na farfaɗo da dazuzzuka mai suna Bonn Challenge na son a farfaɗo da hekta miliyan 350 kafin 2030, takwaransa na Afirka AFR100 na son miliyan 100 a nahiyar, ga kamfanonin da ke neman kuɗin kabon, wato kuɗin da ake biya don bishiyoyi sun zuƙe iskar kabon. Duk wanda aka ba lokaci kaɗan da lamba mai girma, bishiyar da za ta fi saurin yin kore a hoton tauraron ɗan adam zai nema, wato mai kama naitirojin, mai yawan iri, mai tohowa in an sare ta, kuma waɗannan halayen su ne dai halayen mai mamaya ɗaya bayan ɗaya. Ƙasashenku ne fa suka amince a Montreal a Disambar 2022 cewa za a rage shigowar halittu masu mamaya da aƙalla rabi kafin 2030, rahoton 2023 na IPBES, kwamitin masana halittu na ƙasashen duniya, kuma ya ce asarar da suke jawowa ta haura dala biliyan 423 a shekara. Ma'aikata ɗaya na sa hannu a wannan, ma'aikatar da ke ofishin kusa da ita na yin odar iri kwantena guda.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Tsarin tantance haɗarin tsiro na Ostireliya, wanda ƙasashe da dama suka ara, tambayoyi 49 ne, a ciki akwai guda da ke tambaya ko bishiyar mai kama naitirojin ce. Madalla da wannan, amma ku ƙara gaba kaɗan, da wace bakteriya take hulɗa, tana nan a ƙasar ko sai an kawo, akwai tsirran asali 'yan dangin wake a kusa da za ta iya shiga saiwarsu? Fakitin bakteriya kuma ku daina kallonsa kamar buhun taki, abu ne mai rai da ke hayayyafa, a san sunan nau'in, a san inda aka samo shi, a ajiye samfurinsa a ɗakin gwaji, a gwada shi a tukunya da tsirran asali kafin a kai shi fili, wannan aikin 'yan watanni ne da ɗalibin jami'a zai iya yi in an ba shi kayan aiki. Ƙasashe da yawa sun hana shigo da ƙasa daga waje, to amma tsakanin wannan yanki da wancan a cikin ƙasa ɗaya fa? Motoci na ɗaukar dubban ledojin dashe daga wurin reno guda su kai ɗaruruwan kilomita, kowace leda da ƙasarta da duk abin da ke cikinta, ba wanda ya rubuta komai.

Sannan inda akwai bishiyar gida da za ta yi aikin, a fara da ita, da bakteriyar da aka ciro daga ƙullutanta a nan yankin. Ta fi jinkirin girma, eh, hoton shekarar farko ba zai yi kyau ba, eh, sai ku gaya wa mai ba da kuɗin gaskiya ya ƙara wa'adi. Sau da yawa ma kututturan bishiyoyin asali na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, kariya kawai suke so su toho da abokan hulɗarsu na asali ba tare da an sayo komai ba.

Na ƙarshe kuma shi ne wanda na san za ku fi jin nauyinsa don ya shafi kuɗi. Duk shirin da ya dage sai ya shigo da baƙuwar bishiya mai kama naitirojin, a rubuta a cikin yarjejeniyar tun ranar farko waye zai riƙa zagaya iyakar gonar yana duba toho bayan shirin ya ƙare, shekara nawa zai yi yana dubawa, waye zai biya masu sara in ta tsallake, kuma a ware kuɗin a ajiye kafin a saka leda ta farko a rami. Wanda ya ce ba zai iya ɗaukar wannan sharaɗin ba, kar ku buga masa hatimi.

Na gode da kuka karanta, Allah ya taya ku riƙo.

Naku,
wani mai bibiyar lamarin bishiyoyi da ƙasa